DARASI NA GOMA SHA BIYU: YADDA AKE ZAMA MATAIMAKIN LAUYA

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:
1. bayyana ko wane ne mataimakin lauya da abin da ya bambanta shi da lauya;
2. faɗar hanyoyin da ake bi a sami horon wannan aiki a Nijeriya;
3. amfani da kalmomin kotu da shari'a a cikin jimloli;
4. ƙirar sunan mai aiki da ɗafa-goshin "ma-".

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga harabar kotu da safe zai ga mutane iri-iri. Akwai lauyoyi sanye da baƙar riga, akwai 'yan sanda, akwai ma'aikatan kotu. Akwai kuma mutane da yawa zaune a kan benci, riƙe da takardun da ba su san abin da aka rubuta a cikinsu ba. Wasu ba su da kuɗin ɗaukar lauya. Wasu ba sa jin Turanci. Wasu ma ba su san ofishin da ya kamata su shiga ba. Hausawa suna cewa rashin sani ya fi dare duhu. Domin irin waɗannan mutane ake horar da mataimakin lauya. A karanta bayanin da ke tafe a tsanake, sannan a amsa tambayoyin da ke ƙarshe.

Wane ne mataimakin lauya?

Mataimakin lauya mutum ne da ya sami horo a kan doka, yana kuma yin wasu ayyukan shari'a, amma ba lauya ba ne. Yana aiki ne a ƙarƙashin kulawar lauya. Idan mace ce, sai a ce mataimakiyar lauya. Maza da mata duk suna wannan aiki.

Za a iya kwatanta shi da ma'aikacin lafiya na ƙauye. Ma'aikacin lafiya yana duba maras lafiya, ya ba shi taimakon farko, ya wayar da kan jama'a game da tsabta. Idan ciwo ya fi ƙarfinsa, sai ya tura maras lafiyar wurin likita. Haka shi ma mataimakin lauya yake. Yana sauraron mai matsala, ya bayyana masa abin da doka ta ce, ya nuna masa hanyar da zai bi. Idan maganar ta kai ga shiga kotu, sai ya haɗa shi da lauya.

Mataimakan lauya iri biyu ne. Na farko shi ne wanda yake aiki a ofishin lauyoyi, ko a sashen shari'a na kamfani ko banki ko ma'aikatar gwamnati. Shi ne yake buɗe fayil, ya tsara takardu, ya binciko hukunce-hukuncen da kotuna suka yanke a baya, ya kai takardu ofishin rajistara na kotu, ya tuna wa lauya ranar zaman shari'a. Na biyu shi ne wanda yake aiki a cikin al'umma. Wannan yana shiga unguwanni da ƙauyuka da kasuwanni. Yana ziyartar ofishin 'yan sanda da gidan gyaran hali, yana sasanta masu jayayya, yana koya wa jama'a haƙƙoƙinsu.

A Nijeriya akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a shekarar 1976 domin taimaka wa marasa ƙarfi su sami lauya kyauta. A shekarar 2011 aka yi mata sabuwar doka. Wannan doka ta ambaci mataimakan lauya, ta kuma ba hukumar ikon ba da lasisi ga waɗanda suka kammala kwas ɗin da aka amince da shi. Ke nan aikin yana da gurbi a dokar ƙasa.

Hanyar lauya da hanyar mataimakinsa

Hanyar zama lauya doguwa ce. Bayan sakandare, ɗalibi zai yi shekara biyar a jami'a ya sami digiri a fannin shari'a. Daga nan sai ya tafi Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, ya yi kimanin shekara guda. An kafa wannan makaranta bisa dokar shekarar 1962, ta fara aiki a Legas. Yanzu hedikwatarta tana Bwari a Abuja, tana kuma da rassa a Legas da Kano da Inugu da Yola da Yanagowa da Fatakwal. Sai wanda ya ci jarrabawarta, aka rantsar da shi, aka rubuta sunansa a kundin lauyoyi na Kotun Ƙoli, shi ne lauya.

Hanyar mataimakin lauya ba ta kai wannan tsawo ba. Ana iya bin ɗaya daga cikin hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce karatun difloma a fannin shari'a, wanda yawanci yakan ɗauki shekara biyu. Cibiyar Koyar da Aikin Mulki ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda take Kongo a Zariya, ta daɗe tana horar da ma'aikatan kotu da masu wannan difloma. Akwai kuma kwalejojin shari'a na jihohi, kamar Kwalejin Aminu Kano a birnin Kano, da Kwalejin A.D. Rufa'i a Misau ta Jihar Bauchi, da Kwalejin Muhammadu Goni a Maiduguri. A kudancin ƙasar nan ma akwai jami'o'i da cibiyoyi masu ba da irin wannan horo. Kafin ɗalibi ya biya kuɗin makaranta, wajibi ne ya bincika ya tabbatar hukuma ta amince da ita. Matambayi ba ya ɓata.

Hanya ta biyu ita ce horon ɗan gajeren lokaci, wanda ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suke bayarwa. Sukan zaɓi mutane daga cikin al'umma: malaman makaranta, da shugabannin mata, da matasa masu hankali waɗanda jama'a suka yarda da su. Sai a koyar da su na wasu kwanaki ko makonni, a mayar da su garuruwansu, lauya yana bibiyar aikinsu. Lokaci-lokaci ana sake kiran su domin ƙarin horo.

Hanya ta uku ita ce koyo a bakin aiki. Matashi yakan fara a matsayin akawu a ofishin lauya. A hankali zai san yadda ake shigar da ƙara, da yadda ake kai sammaci, da yadda ake tsara takardar rantsuwa. Wannan hanya tana ba da ƙwarewa, amma wanda ya haɗa ta da takardar shaidar karatu ya fi saurin ci gaba.

Kowace hanya ɗalibi zai bi, shirin yana farawa ne tun daga sakandare. Yawancin makarantu suna neman kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da Turanci. Darussan adabi da ilimin mulki da tarihi da addini suna da amfani ƙwarai, haka nan iya aiki da kwamfuta.

Abin da ake koyarwa

Abu na farko shi ne tsarin shari'ar Nijeriya. Ɗalibi zai koyi cewa dokokin ƙasar nan suna da tushe fiye da ɗaya. Akwai Kundin Tsarin Mulki na 1999, wanda yake sama da kowace doka. Akwai dokokin da majalisu suke yi, da dokokin da aka gada daga Ingila, da shari'ar Musulunci, da dokokin gargajiya. Zai kuma koyi matakan kotuna, tun daga kotun majistare da kotun shari'ar Musulunci da kotun gargajiya, zuwa babbar kotu, zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, har Kotun Ƙoli. Wannan sani yana da muhimmanci, domin wanda ya kai ƙararsa kotun da ba ta da hurumi ya yi asarar kuɗi da lokaci.

Abu na biyu shi ne haƙƙoƙin ɗan ƙasa, waɗanda suke a Babi na Huɗu na Kundin Tsarin Mulki. Sashe na 35 ya tanadi cewa a sanar da wanda aka kama dalilin kama shi a rubuce, cikin awa 24, da harshen da yake fahimta. Yana da 'yancin yin shiru har sai ya ga lauya ko wani mutum da ya zaɓa. Idan akwai kotu mai hurumi a cikin tazarar kilomita 40, za a gurfanar da shi cikin kwana ɗaya. Idan babu, cikin kwana biyu ko lokacin da kotu ta ga ya dace. Wannan ƙa'ida ta kwanaki ba ta shafi wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne ba. Sashe na 36 kuwa ya tanadi cewa duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar da laifinsa, kuma idan ba ya jin harshen kotu, za a ba shi tafinta kyauta.

Akwai kuma dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015, wadda jihohi suke da nasu dokokin masu kama da ita. Ta haramta kama mutum a madadin wani. Ta haramta kama mutum saboda bashi kawai ko saɓa yarjejeniyar ciniki. Ta kuma bayyana cewa ba za a hana mace tsaya wa wani a beli ba don kawai ita mace ce. Waɗannan abubuwa suna da sauƙin faɗa, amma rashin saninsu yana jefa iyalai cikin wahala. Fiye da rabin mutanen da suke gidajen gyaran hali a Nijeriya ba a yanke musu hukunci ba, zaman jiran shari'a suke yi. Daga cikinsu akwai waɗanda ba su da kowa da zai bi musu maganarsu.

Abu na uku shi ne dokokin da suka shafi zaman yau da kullum: aure da saki, da riƙon 'ya'ya, da gado, da haya, da filaye, da haƙƙin ma'aikaci. A nan ɗalibi zai haɗu da Dokar Amfani da Filaye ta 1978, da Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, da dokar hana cin zarafin mutane ta 2015.

Sanin doka kaɗai bai isa ba. Ana kuma koyar da dabarun aiki. Ta farko ita ce sauraro. Mai matsala yakan zo cikin ɓacin rai, ya fara labari daga tsakiya, ya haɗa abin da ya gani da abin da aka gaya masa. Aikin mataimakin lauya ne ya saurara da haƙuri, sannan ya yi tambaya: me ya faru, yaushe, a ina, wa ya gani, akwai takarda? Ta biyu ita ce rubutu. Zai koyi rubuta bayanin mai ƙara, da wasiƙar koke, da rahoton da zai miƙa wa lauya. Ta uku ita ce lissafin kwanaki. Alal misali, wanda bai gamsu da hukuncin ƙarshe na babbar kotu ba a shari'ar da ba ta laifi ba, yana da wata uku ya ɗaukaka ƙara. A shari'ar laifi kuwa, kwana 90 ne. Idan lokaci ya wuce, sai an nemi izinin kotu, kuma kotu tana iya hanawa. Mantuwar mutum ɗaya a ofis tana iya janyo wa wani asarar gida ko gona.

Dabara ta huɗu ita ce sulhu. Hausawa suna cewa shari'a mace ce mai ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Ba kowace jayayya ce ta cancanci zuwa kotu ba. Rikicin maƙwabta a kan magudanar ruwa, ko saɓanin mai gida da ɗan haya, sau da yawa zama ɗaya yana kashe shi. Kotuna ma sun yarda da haka. A shekarar 2002 aka buɗe cibiyar sulhu a harabar Babbar Kotun Legas, daga baya wasu jihohi suka bi sahu. Sai dai ana koya wa ɗalibi cewa manyan laifuffuka, irin su kisan kai da fyaɗe da fashi, ba a kashe su da sulhu. Waɗannan dole a kai su gaban hukuma.

Sanin iyaka

Babban darasin da ake nanatawa a wannan horo shi ne sanin iyaka. Mataimakin lauya ba ya tsayawa a kotu ya kare wani a matsayin lauya. Ba ya kiran kansa lauya, ba ya kuma yin shiru idan mutane suka ɗauka shi lauya ne. Dokar aikin lauyoyi ta hana wanda ba lauya ba ya karɓi kuɗi don tsara takardun mallakar fili ko gida. Wanda ya yi haka ya aikata laifi, kuma ana iya hukunta shi.

Me ya sa aka sa wannan iyaka? Saboda kare jama'a. Takardar da aka rubuta da kuskure tana iya raba mutum da dukiyarsa. Shawarar da aka bayar da rabin sani tana iya sa mai gaskiya ya faɗi a kotu. Shi ya sa mataimakin lauya na ƙwarai ba ya jin kunyar cewa, "Wannan ta fi ƙarfina, mu je wurin lauya."

Akwai kuma riƙon amana. Mutane suna gaya masa asirin gidajensu da na cinikinsu. Bai halatta ya kai wannan magana majalisar hira ba, ko ya sa ta a Facebook ko WhatsApp. Ba ya karɓar cin hanci, ba ya kuma kai wa wani. Ba ya yi wa kowa alkawarin nasara, domin hukunci yana hannun alƙali. Idan jayayya ta shafi ɗan'uwansa ko abokinsa, sai ya janye ya bar wa wani.

Amfanin harshe a wannan aiki

Harshen manyan kotunan Nijeriya Turanci ne, amma jama'ar ƙasar suna magana da ɗaruruwan harsuna. Saboda haka mataimakin lauya mai jin harshe biyu ko uku ya fi amfani ga ofishinsa. Ɗalibin da yake koyon Hausa a Ibadan ko Inugu ko Kalaba ya lura da wannan. A unguwar Sabo ta Ibadan, da Agege a Legas, da kasuwar shanu ta Lokpanta a Jihar Abiya, akwai dubban masu magana da Hausa. Su ma suna haya, suna ciniki, suna shiga rikici, suna neman wanda zai fahimce su. Wanda zai saurare su da Hausa, ya rubuta wa lauya rahoto da Turanci, ya cike giɓi babba.

A wasu ƙasashen Afirka ma an ga amfanin wannan aiki. A Malawi, tun shekarar 2000 mataimakan lauya suke shiga gidajen yari suna koya wa fursunoni yadda ake neman beli. A Saliyo, dokar agajin shari'a ta 2012 ta amince da su a hukumance.

Wanda ya kammala horo zai iya samun aiki a ofishin lauyoyi, ko kotu, ko ma'aikatar shari'a, ko ƙungiya mai zaman kanta. Idan kuma yana son ya zama cikakken lauya, ƙofa a buɗe take. Wasu jami'o'i suna karɓar mai difloma da sakamako mai kyau ya shiga aji biyu kai tsaye. Sannu ba ta hana zuwa.

Tattaunawa

Wata dattijuwa ta zo ofishin ba da agajin shari'a. Ta sami mataimakiyar lauya a bakin aiki. Ɗalibai biyu su karanta wannan tattaunawa a gaban aji.

Dattijuwa: Salamu alaikum.
Mataimakiya: Wa alaikumus salam. Sannu da zuwa, Inna. Ga kujera, ki zauna. Ina kwana?
Dattijuwa: Lafiya lau, 'yar nan. Ina gajiya?
Mataimakiya: Ba gajiya. Me ke tafe da ke, Inna?
Dattijuwa: Ɗana aka kama. Yau kwanansa huɗu a caji ofis.
Mataimakiya: Ayya! Allah ya kawo sauƙi. Laifin me aka ce ya yi?
Dattijuwa: Shi bai yi komai ba. Wansa ne ya karɓi buhun albasa goma bashi, bai biya ba, ya yi tafiya. Da aka zo ba a same shi ba, sai aka tafi da ƙanen.
Mataimakiya: Bari in rubuta. Ranar Litinin aka kama shi ke nan? Da wane lokaci?
Dattijuwa: Litinin, bayan la'asar, a ƙofar gida. Maƙwabta duk sun gani.
Mataimakiya: Shi ƙanen ya sa hannu a wata takarda lokacin da aka karɓi kayan? Ki gaya mini gaskiya, Inna. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.
Dattijuwa: Wallahi bai sa ba. Ba ya ma gari a lokacin.
Mataimakiya: An kai shi kotu?
Dattijuwa: Ba a kai shi ba. An dai ce in kawo kuɗin beli, in kuma zo da namiji ya tsaya masa.
Mataimakiya: To, Inna, ki saurara. Doka ta hana a kama mutum a madadin wani. Bashi kuma ba laifin da ake tsare mutum a kansa ba ne, sai dai in akwai zargin zamba. Beli a wurin 'yan sanda kyauta ne. Ke ma kina iya tsaya masa.
Dattijuwa: Ni mace? Ashe haka ne?
Mataimakiya: Ƙwarai kuwa.
Dattijuwa: To, ke za ki tsaya masa a gaban alƙali?
Mataimakiya: A'a, Inna. Ni ba lauya ba ce, mataimakiyar lauya ce. Yanzu zan kai wa lauyanmu wannan bayani. Shi zai rubuta takarda, mu tafi tare da ke.
Dattijuwa: Za a sake shi yau?
Mataimakiya: Ba zan yi miki alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Amma za mu bi maganar tun yau. Bashin kuma yana nan a kan wansa. Idan ya dawo, sai mu zauna da mai albasa a tsara yadda za a biya.
Dattijuwa: Allah ya yi miki albarka. Ungo wannan, ki sayi goro.
Mataimakiya: Na gode, Inna, amma ki mayar da kuɗinki. Aikin nan kyauta ne.

Sababbin Kalmomi

lauya: masanin doka da aka ba izinin kare mutane a kotu
ƙara: koken da ake kai wa kotu ko hukuma
tuhuma: zargin aikata laifi da ake karanta wa mutum a kotu
gurfanar da: kai mutum gaban alƙali
sammaci: takardar kotu mai kiran mutum ya bayyana
beli: sakin wanda aka kama bisa sharaɗin zai dawo idan an neme shi
hurumi: ikon da kotu take da shi na sauraron wata shari'a
ɗaukaka ƙara: kai shari'a kotu ta gaba idan ba a gamsu da hukunci ba
tafinta: mai juya magana daga wani harshe zuwa wani
sulhu: sasanta masu jayayya ba tare da hukuncin alƙali ba
a madadin: a maimakon
wa: ɗan'uwa namiji da ya girme ka
ƙane: ɗan'uwa namiji da ka girma

Nahawu: Sunan mai aiki

A Hausa ana iya ƙera sunan mai yin wani aiki ta hanyar sa ɗafa-goshin "ma-" a farkon aikatau. Ƙarshen kalmar yana nuna jinsi da adadi. Namiji yana ƙarewa da "-i", mace da "-iya", jam'i kuma da "-a".

taimaka: mataimaki, mataimakiya, mataimaka
saurara: an fi cewa mai sauraro, masu sauraro
rubuta: marubuci, marubuciya, marubuta
aikata: ma'aikaci, ma'aikaciya, ma'aikata
ɗinka: maɗinki, maɗinkiya, maɗinka

A lura da abu biyu. Na farko, harafin "t" yana komawa "c" idan wasalin "i" ya biyo shi. Shi ya sa ake cewa marubuci, ba marubuti ba. Na biyu, ba kowane aikatau ne aka saba ƙerawa da "ma-" ba. A wasu wurare ana amfani da "mai" ga mutum ɗaya, da "masu" ga mutane da yawa: mai ƙara, masu ƙara, mai shari'a, masu shari'a, mai gabatar da ƙara, masu gabatar da ƙara.

Tambayoyi

A. Amsa waɗannan tambayoyi da cikakkun jimloli.
1. Wane ne mataimakin lauya?
2. Kawo bambanci biyu tsakanin horon lauya da na mataimakinsa.
3. A wace shekara aka kafa Hukumar Ba da Agajin Shari'a?
4. Faɗi abubuwa uku da doka ta tanadar wa wanda aka kama.
5. Me ya sa aka hana mataimakin lauya tsayawa a kotu a matsayin lauya?
6. A cikin tattaunawa, me ya sa mataimakiya ta ƙi yin alkawari?

B. Rubuta "gaskiya" ko "ba gaskiya ba".
1. Ana iya kama ƙane idan wansa ya gudu.
2. Mace tana iya tsaya wa mutum a beli.
3. Ana kashe maganar fashi da sulhu.
4. Wanda ba ya jin harshen kotu zai biya kuɗin tafinta.

C. Cike gurbi da kalmar da ta dace: sammaci, hurumi, sulhu, beli, amana.
1. Kotu ta aika masa da ________ ya zo ranar Talata.
2. Maƙwabtan sun yi ________, ba su je kotu ba.
3. Wannan kotu ba ta da ________ a kan shari'ar kisa.
4. An ba da ________ ɗinsa, ya koma gida.
5. Mataimakin lauya yana riƙe ________ ta mutane.

D. Kawo sunan mai aiki na namiji da na mace da jam'i daga waɗannan aikatau: noma, gina, saƙa, karanta, ƙera.

Jinga

1. Bayyana ma'anar karin maganar nan, sannan ka nuna yadda ta shafi darasin: "Rashin sani ya fi dare duhu."
2. Ka ɗauka kai ne mataimakin lauyan da ya saurari dattijuwar nan. Rubuta wa lauya rahoto da Hausa, wanda bai wuce jimla goma ba. Ka nuna wanda aka kama, da ranar da aka kama shi, da wurin, da dalilin, da shaidun da ake da su.
3. Tambayi wani babba a unguwarku yadda ake sasanta rikicin maƙwabta a al'adarku. Rubuta abin da ya gaya maka, ka karanta wa 'yan aji a darasi mai zuwa.